Dajin Binuwai: Da Wace Bindiga Ake Tunkarar Ɓauna?

Daga Jimeta na bi ta Belel na tsallaka iyaka, na shiga motar da ta kai mu Gashiga, daga nan sai Garwa. Kowa a motar ya yi buɗu-buɗu da ƙura har gashin ido. Ƙarshen sanyi ne, hazo bai gama janyewa ba, amma zafi ya fara nuna kansa da rana. Garwa ba baƙon gari ba ne ga Bahaushe. A kasuwa za ka yi cinikinka da Hausa lafiya lau, ko da yake Fulatanci ne ke riƙe da gari, Faransanci kuma na ofis ne. A garin ne ake da makarantar horar da masu kula da namun daji da aka buɗe a 1970, wadda ɗalibai ke zuwa mata daga ƙasashen Afirka da dama.

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, shi ya tarye ni a tasha. Ya daɗe yana aikin bin sawu a wani sansanin farauta kudu da Garwa. Ta wajen uwa gidanmu gidan maharba ne, kakanmu da adaka ya yi farautarsa har ƙarfinsa ya ƙare. Kawu ya sha ce mini in zo in ga yadda Turawa ke tasu, to wannan karon ya nemo mini izini wurin mai sansanin, da yake cikin baƙin akwai wani tsoho Ba'amurke, ni kuma ina jin Turanci.

Muka ƙetare gadar Binuwai muka kama titin Ngawundare. Manyan gandun daji uku ne a wannan yanki: Faro ta yamma, Binuwai a tsakiya, Buba Njidda ta gabas wajen iyakar Chadi. Cikinsu an haramta farauta. Amma a tsakaninsu da kewayensu akwai faffaɗan dazuka da gwamnatin Kamaru ke bai wa masu sansanoni haya, a ƙayyade musu adadin dabbar da za a harba a kowace kaka, kuma da rani kawai. Da muka sauka daga kwalta sai dajin doka da marke da kaɗanya, an ƙone ciyawa tun farkon rani, sabon tsiro kore shar ya fito a kan baƙar ƙasa. Mun ga mariya garke guda, mun ga kanki, ƙudan tsando kuma suka yi mana maraba ta tagar mota.

Washegari da safe aka yi abin da Kawu ya ce ba a shiga daji sai an yi shi: gwajin bindiga. An kafa kwali a jikin suri, an zana masa baƙin ɗigo, an auna mita 50. Jagoran farautar, wani Bafaranshe da rana ta gasa har ya koma ja, yana tsaye yana kallo. Masu bin sawu kuwa sun tsuguna a inuwa kamar ba ruwansu, alhali babu wanda ya fi su zuba ido.

Tsohon ne ya fara. Bindigarsa ƙirar kamfanin Winchester ce, mai cin harsashin .375 H&H, katakonta ya koɗe a wurin da hannu ke kamawa. Ya ɗora ta a kan sanduna uku da ake saiti da su, ya harba, ya ja sakata ya sake ɗana wani ba tare da ya sauke ta daga kafaɗa ba, ya sake harbawa. Huda biyun suna dab da juna, tafin yaro zai rufe su. Sai ya canja harsashi zuwa wani iri dabam, ya ƙara ɗaya. Shi ma nan ya faɗa.

Baƙo na biyu saurayi ne ƙaƙƙarfa daga Turai, da sabuwar bindiga fil, mai cin babban harsashin .458 Lott, ko ƙwarzane babu a jikinta. Da ya harba sai da na ji ƙarar a ƙirjina. Harsashin ya bugi gefen kwali. Na biyun ya tayar da ƙura a ƙasan surin. Jagoran bai ce uffan ba. Ya karɓi bindigar, ya juya baya kamar yana ɗana mata harsashi, ya miƙa masa. Saurayin ya saita, ya ja kunama. Bindiga ta ce ƙas, babu komai a ciki, amma kowa ya ga yadda ya runtse ido ya dunƙufar da bakinta ƙasa tun kafin ta tashi. Jikinsa ya riga ya koyi tsoron dukan da take masa a kafaɗa.

Kawu ya raɗa mini, “Ɗana, linzami ya fi ƙarfin bakin kaza.” Ba dariya a fuskarsa. Sai da dare na gane abin da ya sa.

Da yamma na sami tsohon a gaban bukkarsa yana goge bindiga, na tambaye shi dalilin da ya sa ya zaɓi wadda ta fi ta saurayin ƙanƙanta, ga shi ɓauna ya zo nema. Ya gyara zama. Ashe na taɓo masa inda yake so.

Ya ce .375 ɗin nan kamfanin Holland & Holland na Landan ne ya fito da shi a 1912. Faɗin ƙwayarsa inci .375 ne, wato milimita 9.5, nauyin wadda aka fi amfani da ita giram 19 da ɗoriya, tana fita da gudun kusan mita 760 a sakan ɗaya. Ƙasashen Afirka da dama shi suka sa a matsayin mafi ƙanƙantar harsashin da doka ta yarda a tunkari dabba mai haɗari da shi. Abin da ya sa ya wuce shekara 100 yana aiki shi ne yana da ƙarfin huda kafaɗar ɓauna ya isa zuciya, kuma mutum matsakaici zai iya jure dukansa har ya yi ta gwaji da shi ba tare da ya tsani bindigarsa ba. Da shi za ka harbi gwanki daga mita 200, da shi za ka harbi ɓauna daga mita 40. Sama da shi akwai .416 Rigby na 1911, mai ƙwayar giram 26. Sama da wannan akwai dangin .458 da .470, masu jefa giram 32, dukansu a kafaɗa kuwa ya kusa ninka na .375 sau biyu.

Ya ba ni labarin wadda saurayin ya zo da ita. A 1956 Winchester ya fito da .458 Magnum, amma kwansonsa gajere ne, sai an danna albarushi da ƙarfi kafin ya shiga, a zafin Afirka kuma albarushin kan dunƙule ya ƙi ƙonewa yadda ya kamata. Wani maharbi Ba'amurke, Jack Lott, ɓauna ta ji masa rauni a Mozambik a 1959 yana riƙe da irin wannan bindiga. Shi ne daga baya, a 1971, ya ƙara wa kwanson tsawo don albarushi ya sami wurin zama. “Harsashi ne nagari,” in ji tsohon. “Jagoranmu ma irinsa yake ɗauka. Amma aikinsa dabam, nawa dabam. Shi ba ya harbi sai abu ya ɓaci, ɓauna ta taso daga taku goma, dole a tsayar da ita nan take. Ni aikina in sa harsashin farko inda ya dace, don kada a kai ga nasa.”

Na tambaye shi ko ƙaramar bindiga ma za ta yi ke nan, in dai mutum ya iya saiti. Ya girgiza kai. Ya ce kowa na kafa hujja da Karamojo Bell, ɗan Sikotilan ɗin da ya kashe giwaye sama da 1,000 a farkon ƙarni na 20, akasari da harsashin milimita 7. Amma Bell sai da ya tsaga ƙoƙon kan giwa ya gano daidai inda ƙwaƙwalwa take, kuma kullum yana cikin daji yana harbi. Wanda ya zo hutun kwana goma ba Bell ba ne. Ƙanƙanta na da iyaka, girma na da iyaka, kuma iyakar girman kafaɗarka ce ke yanke ta.

Sai ya jawo wani akwatin roba ya buɗe. Harsasai ne a jere, kowane a raminsa, an manna takarda a murfin da rubutun hannu. Ba na shago ba ne, shi ya haɗa su a gidansa, abin da doka ta yardar musu a can. A Najeriya dokar makamai ta 1959 ba ta bar mutum ya haɗa harsashi a gida ba, don haka abin baƙo ne a gare ni. Ya ɗauki ɗaya ya nuna mini sassansa huɗu: kwanson tagulla, 'yar hular da ke gindi wadda ke tayar da wuta, albarushin da ke ciki, sai ƙwayar da ke fita. Kowane kwanso yakan auna tsawonsa, ya auna albarushinsa a sikeli shi kaɗai, ya dasa ƙwaya, sannan ya matse bakin kwanson ya kama ta sosai. Matsewar nan ba ado ba ce. A babbar bindiga, duk harbi ɗaya sauran harsasan da ke cikin gidan harsashi na bugun bango, in ba a matse ba ƙwaya na iya nutsewa cikin kwanso, ƙarfin fashewar ya wuce kima.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne ba ƙarin ƙarfi yake nema ba. Ragewa ma yake yi. Ya ce a watan Maris da Afrilu zafin wannan yanki na wuce digiri 40, bindiga kuma tana kwance a mota rana na dukanta. Albarushi in ya ɗau zafi matsinsa na ƙaruwa. Harsashin da ka cika maƙil ka gwada shi a lokacin ƙanƙara, a nan yana iya sa kwanso ya maƙale, ka ja sakata ta ƙi buɗewa, ga ɓauna a gabanka. Shi ya sa kamfanin Rigby suka yi wa .416 ƙaton kwanso tun asali, don albarushin wancan zamani ba ya jure zafi. Shi tsohon da tsakar bazara yake gwada nasa, ya tsaya ƙasa da iyakar da littattafan masu albarushi suka gindaya. Kafin ya taso kuma sai da ya bi da kowane harsashi ta cikin bindigar, ya shigar ya fitar, ya tabbatar babu mai tirjewa. Jirgin sama kilo 5 na harsashi ya yardar wa fasinja, don haka babu wurin ɗauko wanda ba ka amince da shi ba. Na tambaye shi nawa yake zubawa. Ya ce ba ya faɗa wa kowa, ba don rowa ba, sai don awon bindigar wani ba a ɗauka a zuba wa wata.

Ƙwayoyin iri biyu ne. Ɗaya mai dalma a baki, wadda ke buɗewa in ta shiga jiki ta yi faɗi, ita ce ta harbin farko. Ɗayar dunƙulallen ƙarfe ce da ba ta lanƙwasa, aikinta huda kawai, ita ce ta biyo baya in dabba ta juya tana gudu, dole harsashi ya ratsa ta baya ya isa ƙirji. Wahalar ita ce a sa biyun su faɗa wuri guda da saiti guda, kuma abin da ya nuna mana ke nan a kwali da safe. Ya ce masu haɗa nasu ne suka tura masana'antu suka gyara ƙwaya. Wani maharbi Ba'amurke, John Nosler, ya harbi wata gangarimar dabbar dajin Kanada a 1946, ƙwayoyinsa suka riƙa tarwatsewa a kafaɗarta da taɓo ya bushe a kai, sai ya koma gida ya ƙera mai shinge a tsakiya, gaba ya buɗe baya ya ci gaba da huda.

Yana magana ina tuna kakanmu. Shi ma da hannunsa yake ɗura adakarsa: ya zuba albarushi a tafin hannu ya kimanta da ido, ya tura tsumma, ya sa dalma, ya danna da sandar ƙarfe. Sana'ar guda ce. Bambancin sikeli ne da littafin rubutu. Duk wanda ya tashi cikin maharba ya san wani da ya rasa yatsu don ɗuri ya yi yawa bututu ya fashe. Ina ganin da tsofaffinmu sun sami sikelin nan da sun rungume shi hannu biyu, don ba ganganci ne ya sa suke awo da ido ba, rashi ne.

Da dare a bakin wuta na fassara wa Kawu abin da tsohon ya faɗa. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya kira wani abokin aikinsa ya ce ya nuna mini cinyarsa. Tabo ne tun daga gwiwa har kusa da ƙugu, naman wurin ya lotsa. Shekarun baya wani baƙo ya harbi ɓauna a ciki maimakon ƙirji, ta shige cikin dogayen ciyayin bakin rafi. Doka da al'adar farauta ba su yarda a bar dabba da rauni ba, dole a bi ta. “To wa ke gaba in ana bin jini?” in ji Kawu. “Mu ne. Idonmu na ƙasa, hannunmu babu komai sai sanda. Baƙo na baya, jagora na gefe. Ɓauna mai rauni takan zagayo ta laɓe kusa da sawunta ta jira. Wanda ta fara gani shi take ɗauka.”

Wannan ne abin da ba a rubutawa a jikin akwatin bindiga. Mutum zai tsaya a shago a wata ƙasa mai nisa ya zaɓi bindiga don ta burge abokansa, kuɗin kuskurensa kuma wani talaka ne zai biya da cinyarsa a bakin wani rafi a Kamaru. Dabbar ma haka, ta kwana tana jan hanji. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Allah ya wajabta kyautatawa a kan komai, har a wajen kisa da yanka. A ganina zaɓen bindiga da harsashi yana cikin wannan babin.

Ban ce kowa sai ya yarda da farautar kuɗi ba. Ni ma akwai abin da ke sosa mini rai in na ga baƙo ne ke da ikon harbin abin da ɗan ƙauyen da ke kusa zai sha ɗauri a kansa. Amma na ga 'yan sintirin da sansanin ke biya, na ga tarin tarkunan waya da suka kwance a daji. Mutanen nan ba su manta da farkon 2012 ba, lokacin da mahaya dawaki ɗauke da bindigogin yaƙi suka shigo Buba Njidda suka kashe ɗaruruwan giwaye cikin 'yan makonni. Karkandan yankin kuwa, wanda nan ne mafakarsa ta ƙarshe, tun 2011 aka ayyana ƙarewarsa daga doron ƙasa.

Ranar da aka bar ni na bi su, tun asuba muka fita. A wani kududdufi cikin busasshen rafi Kawu ya tsinci sawun wani tsohon bijimin ɓauna da ya rabu da garke. Ya taɓa kashinsa da yatsan ƙafa, ya ce bai daɗe ba. Muka bi a jere: Kawu da abokinsa, jagora, tsohon, ma'aikacin gandun daji na gwamnati, sai ni can baya da gorar ruwa. Kowane ɗan lokaci Kawu zai girgiza 'yar jakar toka ya ga inda iska ta nufa. Rana ta take, gumi na shiga ido, babu mai tari. Kukan carki ne ya fara tona shi. Kawu ya durƙusa, kowa ya durƙusa.

Bijimin na tsaye a inuwar wata ɗorawa, jaja-jaja, don ɓaunar nan ba ta kai ta kudancin Afirka girma da baƙi ba. Jagora ya kafa sanduna. Tsohon ya ɗora bindiga, amma bai harba ba. Bijimin na fuskantarmu a karkace, wani reshe ya gitta kafaɗarsa. Muka yi ta jira, ƙafata ta yi sanyi a durƙushe. Da ya yi taku biyu ya ba da gefe, sai ƙara. Ya yi tsalle ya runtuma, ƙafar gaba na lilo, tsohon ya bi shi da na biyu kafin ya shige kurmi. Jagora ya ɗaga hannu a tsaya. Ba a jima ba muka ji wani dogon gurnani, masu bin sawu suka dubi juna. Duk da haka sai da aka jira kusan rabin sa'a, sannan aka bi jinin, ja mai kumfa, alamar huhu. Bai yi mita 80 ba. An zagaya ta bayansa, tsohon ya ƙara masa ɗaya a gadon baya kafin kowa ya matsa.

Wajen fiɗa aka sami ƙwayar farko a ƙarƙashin fatar ɗaya gefen. Ta karya kafaɗa, ta ratsa saman zuciya, ta buɗe ta kusa ninka faɗinta, gindinta kuwa lafiya lau har da zanen bututu a jiki. Tsohon ya wanke ta, ya sa a 'yar leda, ya rubuta nisa da wurin da ta shiga a littafinsa. Ya ce in ya koma zai auna ya ga nawa ta rage na nauyinta. Ya tsince kwansunansa duka ya zuba a aljihu, don zai sake cika su.

Naman ba mu ci ba. A Malikiyyar da muka tashi a kai, abin da wanda ba Musulmi ba ya harba, in ba a riske shi da rai an yanka ba, ba ma ci, Kawu kuma ya ce shi ba ya gaggawar kai wa ɓauna wuƙa don nama. Aka raba wa ma'aikatan da ba Musulmi ba, sauran aka kai ƙauyukan da ke kusa.

Saurayin kuwa, jagora ya ba shi aron bindigar sansani, wata tsohuwar Mauser mai cin 9.3x62, harsashin da wani maƙerin bindiga, Otto Bock, ya ƙera a Balin a 1905 don Jamusawan da ke zaune a Afirka, zamanin da Kamaru ma ke hannunsu. Ya ɗan ɓata rai, amma ya karɓa. Ya yi ta gwaji da ita a kwali har runtse idon ya bar shi. Da ita ya kayar da gwanki harbi ɗaya, Kawu ya riske shi da sauran rai ya yanka, ranar kowa ya ci nama. Da dare na ji saurayin yana tambayar jagora ko ya sayar da babbar in ya koma gida. Jagoran ya ce a'a, ya nemi wanda ya ƙware ya haɗa masa harsasai masu sauƙin duka, ya yi ta harbi da su tsaye a kan sanduna, yana ƙara ƙarfi a hankali, in ya kai matsayin da zai sa uku a tafin hannu daga mita 50 sai ya dawo da ita neman ɓauna. Tsohon ya yagi takarda daga littafinsa ya rubuta masa sunayen ƙwayoyin da zai fara da su. Da safe motar cefane za ta Garwa, na yi sallama da Kawu na bi ta.